Romon Dutse

Ƙarfe huɗu na asuba a Tampere,
tafki ya daskare, titi ya yi fari fat,
na sauka matakala goma sha bakwai
zuwa cikin ƙasan benenmu,
tocila a hannu, ɗan littafi a aljihu.

Nan famfon zafi yake kwana.
Ba ya hura wuta, ba ya ƙona komai.
Dogon hannu ya zura cikin ƙasa,
mita ɗari biyu cikin baƙin dutse,
yana lalubo ɗan ɗumin da ya ɓuya a can,
ya matse, ya ƙara matsewa,
har ya isa wanka.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya:
ka ba shi mudu ɗaya na lantarki,
ya dawo maka da uku na zafi.
Haka takardarsa ta ce.
Mita kuwa ta ce biyu, su ma da ƙyar.

To, ina na ukun ya shiga?

Gida arba'in da biyu ke bisa kaina.
Onni mai gasa burodi ke fara buɗe famfo
tun gari bai san kansa ba.
Tsohuwa Hilkka ta hawa na bakwai
ta tare ni a ƙofa, kofi a hannu:
"Tsoma yatsa, Aulis.
Wannan ruwan zafi ne, ko hawaye?"

Na tsoma. Ban ce uffan ba.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na bi bututu da tafin hannu
kamar mai neman zazzaɓi a goshin yaro,
sai ga shi tsirara, tun daga tanki har ƙarshen lungu,
shekara da shekaru yana rabon ɗumi
ga kekuna da gizo-gizo.
Kwana uku ina ɗinka masa riga,
gwiwata tana zagina.

Ɓarawon gaske kuwa a cikin tanki yake:
wata hita da aka ajiye don ranar tsiya,
wani ya kunna ta, ya yi ritaya, ya mutu,
ita ko tana nan tana cin lantarki
kamar fara ta samu gona.
Na kashe ta da yatsa ɗaya.
Har kunya na ji don sauƙin abin.

A taron mazauna, Veikko ya bugi tebur:
"A kai shi digiri saba'in!"
Na ce, injin nan ɗan dako ne,
in ka ɗaga masa tudu, kayansa sai su ragu.
Hamsin da biyar ya ishe mu,
daren Lahadi a ƙara wuta don ƙwayoyin cuta.
Na rage gudun ruwan da ke zagayawa
don tanki ya daina dagulewa,
mai zafi ya kwanta sama kamar mai a kan miya,
mai sanyi ya san wurinsa a ƙasa.

Na wuce gona da iri, ban musa ba.
Wata Talata Onni ya sauko da kumfa a kunne,
ya faɗa mini abin da ba ya rubutuwa.
Na mayar da rabin juyi.

Yau Maris ya shigo, ƙanƙara na zuba daga rufi.
Na rubuta a littafi: biyu da ɗigo takwas.
Ba uku ba. Ragowar tana wani wuri,
zan same ta, ko wanda zai gaje ni.

Hilkka ba ta yi godiya ba.
Yanzu ƙararta ɗakin kekuna ya yi sanyi.
Amma da na wuce ƙofarta ɗazu
na ji ruwa na zuba, tana 'yar waƙa,
tururi na fitowa ta ƙasan ƙofa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Mu nan dutsen ne ke dafa mana,
ni dai gadin tukunya nake
kada romon ya zube a hanya.